Teburin Bakin Teku da Tukunyar Gida



Akwai wata tambaya da take bin ɗan ci-rani duk inda ya sa ƙafa, ko ya furta ta ko ya haɗiye ta: shin ya dace in ji daɗi a nan, alhali na san halin da na baro a gida? Ɗan kasuwar da ke Xiaobei ya san wannan tambaya, ɗalibin da ke Alƙahira ya san ta, likitan da ke Ingila ma bai tsira daga gare ta ba. Ba ta neman izini kafin ta shigo. Mutum yana tsakiyar dariya da abokai sai ya tuna da saƙon ƙanwarsa a kan kuɗin makaranta, ko da muryar mahaifiyarsa tana cewa lafiya ƙalau, shi kuwa ya san irin lafiya ƙalau ɗin da ake faɗi don kada a tayar wa ɗa hankali.

Tambayar ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa cikin watan Yuni, darajarta ta yi ta zubewa har yuwan ɗaya na ƙasar Sin ya haura naira 200. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato a lokacin bai kai yuwan 350 ba. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yulin 2023. Duk wanda ke zaune a Guangzhou ya iya wannan lissafi a ka, kuma lissafin yana iya mayar da kowace loma ta zama abin tuhuma.

Abin da ya sa na zauna na yi tunani a kan batun wata fita ce ta wuni ɗaya da muka yi mu shida, bayan an tashi daga baje kolin Canton na watan Oktoba. Akwai 'yan kasuwa biyu Kanawa, da wani Basakkwace mai haɗa wa mutane kaya yana tura su gida, da wani ɗalibi ɗan Maraɗi, da abokin aikina Basine Musulmi ɗan ƙabilar Hui, sai ni. Mun shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layi na 18, wanda aka buɗe a 2021, mai gudun kilomita 160 a sa'a, muka sauka a Wanqingsha da ke gundumar Nansha. Daga nan mota ta kai mu Shijiu Chong, can ƙarshen kudancin birnin, inda Kogin Lu'ulu'u ke buɗe baki ya haɗu da teku. Sunan wurin yana nufin mashigin ruwa na goma sha tara, domin ƙasar yankin duk daga ruwa aka ƙwato ta, ana datsewa ana cikewa, ana ƙirga mashigan ɗaya bayan ɗaya.

Ga mutumin da ya tashi kusan kilomita dubu daga teku, wanda babban ruwansa shi ne madatsar Tiga, tsayuwa a wannan gaɓa ba ƙaramin abu ba ce. Daga nesa ana hango hanyar da ta haɗa Shenzhen da Zhongshan, wadda aka buɗe ranar 30 ga Yuni 2024, mai tsawon kusan kilomita 24, mafi yawanta gada a sama, wani sashe kuma rami a ƙarƙashin ruwa. Manyan jiragen dakon kaya suna wucewa a hankali zuwa tashar Nansha, kuma Basakkwacen nan ya rantse cewa a cikin kwantenonin akwai wadda za ta sauka a Apapa ta ƙarasa Kantin Kwari. Ta wannan mashiga ce jiragen Larabawa da Farisawa suka riƙa shigowa birnin da suke kira Khanfu fiye da shekara dubu da suka wuce, suna zaman watanni suna jiran iskar da za ta mayar da su gida. Hasumiyar masallacin Huaisheng mai tsawon mita 36, wadda ake cewa ta taɓa zama alama ga matuƙan jiragen ruwa, har yau tana tsaye a tsakiyar gari. Ba mu ne baƙin farko da suka tsaya a nan suna tunanin iyalinsu ba.

Tsarin cin abinci a wurin shi ne ka zaɓi abin da kake so da ransa daga kwatarniyar masu sayarwa, a auna maka da ma'aunin jin, wato rabin kilo, sannan ka kai gidan abinci a dafa maka ka biya ladan dahuwa. Mun sayi kifi biyu manya, da jatan lande, da ƙaguwa, da kawa. Abokina Bahui shi ya shiga har bakin murhu ya yi sharaɗi: ban da giyar girki, ban da kitsen alade, a turara da citta da albasa kawai, a tukunya wankakkiya. Ya koya mana cewa kalmar turarawa da kalmar halal a yarensu kusan furuci ɗaya ne, qingzheng da qingzhen, don haka baƙo ya kula kada ya tambayi ɗaya a amsa masa ɗayar. Shi kansa kifin kaɗai ya ci, saboda mafi yawan Musulmin Sin Hanafawa ne, kuma a mazhabarsu kifi ne kawai ya halatta daga dabbobin ruwa, mu kuwa Malikawa an yalwata mana. Bai ce mana uffan ba a kan ƙaguwarmu, mu ma muka tura masa kifi mafi girma gabansa.

Da aka kawo takardar kuɗi, yuwan 900 ne, wato 150 a kan kowa. Sai babbanmu a shekaru, ɗaya daga cikin Kanawan, ya yi shiru yana danna waya, can ya ɗago ya ce da ni: "Injiniya, ka san abin da kowannenmu ya cinye yanzu ya doshi rabin albashin ma'aikaci na wata guda? Anya Allah ba zai tambaye mu ba?" Na ce, "Alhaji, tambaya kam za a yi mana, domin babu ni'imar da ba a tambaya a kanta. Abin dubawa shi ne amsar da muka tanada." Maganar ba ta ƙare a teburin ba, kuma ita nake so in shimfiɗa a nan.

Hujjar Alhaji ba ta wasa ba ce, kuma tana da magabata. A shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin farin da ake kira Shekarar Toka, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa man shanu da nono har sai jama'a sun samu, ya riƙa cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. An kuma ruwaito gargaɗi mai tsanani daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan mutumin da zai kwana a ƙoshe maƙwabcinsa yana jin yunwa a gefensa, kuma ya sani. A zamaninmu waya ta mayar da Fagge da Sabon Birni maƙwabtan ɗakinmu, ba mai iya cewa bai sani ba. Ko a wajen Musulunci an yi irin wannan tunani. Wani masanin falsafa ɗan Ostireliya, Peter Singer, ya rubuta a 1972, lokacin da bala'in Bengal ya cika jaridu, cewa duk wanda ya ga yaro yana nutsewa a kududdufi dole ya shiga ya ciro shi ko da tufafinsa za su lalace, kuma nisan wuri ba ya sauke wannan nauyi. Idan aka bi hujjarsa har ƙarshenta, mutum zai ci gaba da bayarwa har sai ya kusa zama daidai da wanda yake taimako.

Na ɗauki wannan hujja da muhimmanci, amma ban yarda ta kai inda ake so ta kai ba, saboda dalilai uku.

Na farko, Umar shugaba ne, kuma yunwar jama'a tana wuyansa kai tsaye. Ƙauracewarsa ga man shanu tana tafe da aiki: ya rubuta wa gwamnoninsa aka turo ayarin abinci, ya kafa tukwane a Madina, ya tsaya da kansa a kan rabo. Bai kuma kafa doka cewa duk Musulmi ya daina cin nama ba. Abin da ya ɗora wa kansa matsayi ne na waɗanda suka yi fice, kamar yadda Sayyidina Abubakar ya kawo dukiyarsa kakaf a yaƙin Tabuka. Shari'a ta yaba wa irin wannan, amma ba ta wajabta shi ba. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda Musulmin Sin ke jingina masa kabarin nan da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, ko da yake malaman tarihinmu sun tafi a kan a Baƙi'a aka binne shi, ya taɓa neman izinin yin wasiyya da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, aka hana shi, ya nemi rabi aka hana shi, aka tsayar da shi a sulusi. Addinin da ya sa wa kyauta iyaka ya san cewa mai bayarwa ma mutum ne mai haƙƙi. Alƙur'ani a Suratul Furƙan ya siffanta bayin Allah na ƙwarai da tsayuwa a tsakani wajen ciyarwa, tsakanin ɓarna da ƙwauro.

Na biyu, damuwar da ba ta aika ko sisi gida ba, ba ta ƙara wa tukunyar kowa komai. Na san mutanen da ba sa fita ko nan da can, suna ɗaki daga shago sai katifa, amma iyayensu ba su gani a ƙasa ba, domin kuɗin yana tafiya wajen sayen fili na uku. Na kuma san waɗanda ke biyan kuɗin makarantar yara biyar da ba su haifa ba, kuma su ne kan gaba idan an ce a fita shan iska. Saboda haka ƙuntata wa kai ba shi ne ma'aunin tausayi ba. Ma'aunin shi ne abin da ya isa hannun mai haƙƙi, a kan lokaci, ba tare da gori ba.

Na uku ya fito ne daga sana'ata. Duk doguwar gada ana bar mata ɗan tsagi tsakanin sassanta, saboda ƙarfe yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, kuma idan ba a bar masa wurin motsi ba sai ya tsaga kankaren da ke riƙe da shi. Haka nan ƙarfe yana gajiya: nauyin da bai isa ya karya shi sau ɗaya ba, idan aka yi ta ɗora masa ana saukewa sau miliyoyi, wata rana sai ya ɓalle ba gargaɗi. Zaman Guangzhou irin wannan nauyi ne. Ga fargabar biza, ga masana'antar da ta canja ingancin kaya bayan an biya, ga mai kaya a gida yana kira ƙarfe uku na dare saboda tazarar sa'a bakwai, ga idon mutane a cikin jirgi, ga kaɗaici. Waɗanda suka shaida watan Afrilun 2020, lokacin da aka fitar da 'yan Afirka da yawa daga gidajen haya da otal-otal a wannan birni da sunan annoba, sun san abin da nake nufi. Mutumin da gida goma suka jingina da shi, idan ya karye, gida goma ne suka faɗi. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Lokacin da Salmanu Bafarishe ya tarar da Abu Darda'i ya hana kansa abinci da barci saboda ibada, ya tilasta masa ya ci ya kwanta, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa kamar yadda Ubangijinsa yake da shi, kuma Annabi ya gaskata Salmanu. Ko tekun da muka ci daga gare shi ana ba shi hutu: tun 1999 hukumomin Sin ke dakatar da kamun kifi a wannan yanki lokacin bazara, yanzu daga 1 ga Mayu zuwa 16 ga Agusta, don kifi ya hayayyafa.

To amma kada wani ya ɗauki wannan a matsayin lasisi. Tambayar Alhaji tana da wuraren da take cizo da gaske, kuma a ganina guda huɗu ne.

Wuri na farko shi ne asalin kuɗin. Da yawa daga cikinmu a nan kuɗin da ke cikin wayarmu ba namu ba ne. Na wata baiwar Allah ne da ta sayar da gwal ɗinta ta turo a sayo mata atamfa da takalma, ko na 'yan kasuwa biyar da suka yi karo-karo don cika kwantena. Yana da sauƙi mutum ya ce zai ɗan taɓa ya mayar idan ladansa ya fito. Wanda ya ci ƙaguwa da kuɗin amana, ko an turara ta a tukunya sabuwa fil, bai ci halal ba. Muna tsananta bincike a kan giyar girki, ya kamata binciken aljihu ya fi shi tsanani.

Wuri na biyu shi ne jerin haƙƙoƙi. Ciyar da mata da 'ya'ya da iyaye mabuƙata wajibi ne, zakka wajibi ce, biyan bashin da lokacinsa ya yi wajibi ne. Fita bakin teku halal ce kawai. Halal ba ta tsallake wajibi. Wanda ya tura kuɗin cefane da na magani, ya sauke abin da ke wuyansa, ya tafi Nansha da zuciya sakakkiya. Wanda matarsa ke cin bashi a kantin unguwa, ko yake kashe waya idan mai binsa ya kira, gara ya zauna ya ci taliyar Lanzhou ta yuwan goma sha biyar ya tura ragowar.

Wuri na uku shi ne abin da aka bari a faranti. A al'adar karɓar baƙi ta nan, cika tebur har a rasa wurin ajiye kofi alama ce ta mutunci, mu ma kuma muna da namu son a ce an yi bajinta. Abin ya kai har gwamnatin Sin ta kafa dokar hana ɓarnar abinci a Afrilun 2021. Mu da aka hana mu almubazzaranci tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce bai kamata mu jira doka ba. Dabbar da aka ciro da ranta daga ruwa aka kashe dominka, mafi ƙarancin ladabi shi ne ka cinye ta ko ka ƙunshe ta ka kai wa wani. Yuwan 150 da ya shiga ciki ya zama ƙarfi yana da amsa ranar tambaya, amma hamsin ɗin da aka zuba a shara ban san amsarsa ba.

Wuri na huɗu, wanda nake ganin ya fi kowanne yi mana illa, shi ne hoto. Cin da aka yi a Shijiu Chong bai cuci kowa a Kano ba, amma hoton teburin da aka ɗora a WhatsApp yana shiga ɗakin da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Yana sa ƙanin da ka ce wa ya yi haƙuri sai wata mai zuwa ya fara zargin maganarka. Yana sa saurayi ya sayar da gonar gado ya biya dillalin biza, saboda ya ɗauka kullum haka muke, bai ga ɗakin da mutum huɗu ke kwana a ciki ba. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa ake rufe kwanon nama idan za a ratsa zaure, ake kuma zuba wa maƙwabta idan ƙanshi ya riga ya tsallake katanga. Bayyana ni'ima abu ne mai kyau, kuma an san Imamu Malik da sa tufafi masu tsada, amma akwai bambanci tsakanin ni'ima ta bayyana a jikinka da ka kai ta har hancin wanda ba ka ba shi ba.

Akwai kuma wani abu da lissafin naira da yuwan ba ya kamawa. Ɗalibin nan ɗan Maraɗi wata takwas ya yi a birnin bai zauna cin abinci da mai jin Hausa ba. Ya so ya zame da aka yi maganar fita, kowa kuma ya san dalili. Alhajin da ya yi tambayar shi ya biya masa tun kafin takarda ta iso teburin, ba tare da yaron ya san wanda ya biya ba. A hanyar dawowa kuma aka gano Basakkwacen nan yana neman mai jin yaren Sin da zai riƙa raka shi masana'antu. Zumunta a ƙafa take, kuma a baƙunci sau da yawa a bakin akushi ake ɗinka ta. Sahabbai ma sun san daɗin irin wannan zama. Rundunar mutum ɗari uku ƙarƙashin Abu Ubaida ta taɓa galabaita da yunwa a gaɓar teku har suna cin ganye, sai teku ya jefo musu wani ƙaton kifi da ake kira anbar, suka yi kwanaki suna ci har jikinsu ya murmure. Abin lura shi ne sun yi guzurin namansa zuwa Madina, Annabi ma ya ci daga ciki. Sun ci sun ƙoshi ba tare da jin laifi ba, kuma ba su dawo hannu sake ba.

Wannan ita ce matsayata. Jin daɗin ɗan ci-rani halal ne idan kuɗinsa ne, idan ya riga ya sauke wajibi, idan bai yi ɓarna ba, idan kuma bai mayar da shi abin nuna wa mabuƙaci ba. Ɗan zafin da yake ji a zuciya lokacin da ya tuna gida alama ce ta rai, kada ya nemi kashe shi, kada kuma ya bari ya hana shi haɗiyar loma. Ya mayar da shi aiki.

Don haka ina ba ƙungiyarmu shawara, a duk garin da muke: a riƙa shirya irin wannan fita ko sau biyu a shekara, a saka ɗalibai da sababbin zuwa a ciki ba tare da an tambaye su kuɗi ba. Duk wanda ya biya kason cinsa kuma yana da hali, ya ajiye kwatankwacinsa a asusu, a tura wa wata makarantar allo ko wani mara lafiya da ɗaya daga cikinmu ya sani ido da ido. A nemi wurin salla kafin a nemi wurin kifi, a bar waya a aljihu idan abinci ya sauka.

Allah Ya halatta mana abin da muke ci, Ya yalwata wa iyayenmu da 'yan'uwanmu na gida, Ya mayar da kowane matafiyi ga iyalinsa lafiya. Amin.